Yadda Ake Zaɓa wa Mai Raunin Hannu Ƙaramar Bindigar Kare Kai a Amurka

Wata Hajiya, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta same ni a filin koyon harbin da nake koyarwa a bayan garin Dalas, riƙe da 'yar jaka. Ɗanta ne ya kai ta shago aka saya mata libarba, wato bindiga mai tulun harsashi da ke juyawa, irin 'yar ƙaramar nan da ba ta kai rabin kilo ba, saboda tun rasuwar maigidanta ita kaɗai take kwana a gida. Mai shagon ya ce musu ita ce daidai da tsofaffi, tunda ba a jan komai, ba a murɗa komai, kunama kawai ake matsawa. Na buɗe na tabbatar babu harsashi, na miƙa mata. Ta sa yatsa ta ja, ta ja, har bakin bindigar ya soma rawa yana sunkuyawa ƙasa, kunamar ba ta kai ƙarshe ba. Sai ta ɗora yatsan ɗaya hannun a kai, nan ma da ƙyar. Ta dube ni ta ce, "Malam, wata takwas ke nan abin nan yana gefen gadona. Ashe ni nake gadinsa."

Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba: masu amosanin gaɓɓai, waɗanda suka tashi daga shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon suga da yatsunsu suka yi dundum, da waɗanda tsufa kawai ya rage wa ƙarfi. Kusan dukkansu wani mai lafiyayyen hannu ne ya yi musu zaɓi. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka bar hannun da zai yi aikin ya yi zaɓin da kansa.

Bayanin nan na mazauna Amurka ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da lasisin shugaban ƙasa, wanda aka kama da ita kuwa ɗaurin shekaru ne a gabansa. Kada wanda ke gida ya karanta wannan ya ɗauka da shi ake.

Kayan da za ka tanada

- Katin shaida mai hoto da adireshinka na yanzu, da girin kad idan ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna.
- Abin toshe kunne iri biyu: na soso da ake cusawa, da na ɗorawa a kai. Haɗa su duka. Rabin firgitar sabon mai harbi ƙara ce ke kawo ta, ba shurin bindiga ba.
- Tabarau na kare ido, da hula mai baki.
- Riga mai rufaffen wuya. Kwanson harsashi da zafinsa yake fitowa, idan ya faɗa cikin riga mutum yakan manta da abin da ke hannunsa. Mata su sa ɗan ƙaramin hijabi da ya kama jiki, a ajiye mayafi da dogon hijabi a mota. Maza a bar babbar riga a gida.
- Harsashin roba na atisaye, wanda babu albarushi a ciki, daidai da lambar kaurin harsashin bindigar da za a gwada.
- Na'urar cusa harsashi a magazin, wato gidan harsashin da ake sokawa a fistol. Wadda aka fi sani ita ce UpLULA.
- Ɗan littafi da biro.
- Kuɗin hayar bindiga uku ko huɗu da na harsashi.
- Malamin harbi mai takardar shaida. Idan ba ka samu ba, tafi da wani da ya saba. Filayen harbi da yawa ba sa ba mutum hayar bindiga idan shi kaɗai ya zo kuma bai zo da tasa ba, saboda haka rakiyar dole ce ko ta wannan fuskar.

Akwai ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya yaɗa, kuma ko'ina ka je su za a fara karanta maka. Ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar lalatawa ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. San abin da kake saitawa da abin da ke bayansa. Mai raunin hannu ya fi kowa karya ta biyu, domin idan yana kokawa da bindiga yakan juya ta gefe ba tare da ya sani ba. Zan dawo kan wannan.

1. Tabbatar doka ta yarje maka, gidanka ma ya yarje

Dila mai lasisi ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 21 ƙaramar bindiga ba. Za ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka hukumar FBI ta bincika. Mai girin kad yana iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara, asali an hana shi, sai ta wasu 'yan ƙofofi da bai kamata ka shiga ba tare da lauya ba. A jihar da kake zaune ake karɓar bindigar, kuma kowace jiha da nata tsarin: Teksas ta daina neman lasisin ɗauka tun 1 ga Satumba 2021, Kalifoniya tana sa jiran kwana 10, Ilinoyi sai da katin mallakar makami, Niyok sai da lasisi tun kafin ka mallaka. Wanda zai mallaki bindigar shi zai cike fom da hannunsa. Ka amshi kuɗin wani ka cike da sunanka don ka miƙa masa, babban laifi ne na tarayya, ko da mahaifinka ne.

Sai gida. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kansu suka kashe. Idan akwai mai fama da matsanancin baƙin ciki a gidan, ko tsohon da mantuwa ta fara kamawa, tsaya nan, kada ka wuce.

2. Gano inda hannun ya gaza

"Hannuna ba ƙarfi" magana ce a dunƙule, ba ta isa a yi zaɓi da ita ba. Aiki biyar hannu ke yi wa bindiga, kuma ba gaɓa ɗaya ce ke yin su ba:

riƙe ta tsaye ba rawa, aikin tafin hannu da wuyan hannu da kafaɗa;
jan kunama, aikin manuniya ita kaɗai;
jan silaid, wato murfin saman fistol da ake ja baya don harsashi ya hau, aikin damƙa;
cusa harsashi da danna maɓallai, aikin babban yatsa;
jure shuri, wato dukan da bindiga ke mayarwa hannu idan ta tashi.

Na sha ganin wanda ba ya iya buɗe murfin kwalba amma manuniyarsa garau, na kuma ga akasin haka. Gwada a gida ba tare da bindiga ba. Ɗauki robar ruwa mai lita ɗaya da hannu biyu, miƙe hannuwan gaba, ƙirga talatin. Matsa kan robar feshin goge tagogi da manuniya kaɗai sau goma sha biyu, dama da hagu. Danna biro mai maɓalli da babban yatsa har ka ji inda ciwo ya fara. Rubuta abin da ka gani. Idan kana ganin likitan gashin ƙashi, tambaye shi ya auna maka ƙarfin damƙa, suna da na'urar, ka kuma tambaye shi ko ciwon naka mai ci gaba ne. Amsar tana da amfani, domin bindigar da za ka saya ta shekaru ce.

Muhimmin gargaɗi: yi gwajin a lokacin da hannun ya fi muni. Mai amosanin gaɓɓai da sassafe yatsunsa suke sanƙarewa, ko a ranar sanyi. Mutane sukan sha maganin ciwo, su jira rana ta ɗaga, su je shago hannu ya saki, su sayi abin da ba za su iya sarrafawa da ƙarfe ukun dare ba.

3. Koyi jan silaid kafin ka ce ba ka iyawa

A nan nake ɓata lokaci mafi yawa, domin da yawa daga masu cewa ba sa iya jan silaid, dabara ce ba a nuna musu ba. Sabon shiga yakan miƙe hannu nesa da jiki, ya tsunkuli bayan silaid da babban yatsa da manuniya kamar mai jan gwafa, ya ja. Wato ya ɗora aikin gaba ɗaya a kan yatsu biyu mafi ciwo.

Ga yadda ake yi, da bindigar da aka cire wa magazin aka kuma leƙa cikinta:

Riƙe ta da hannun da kake harbi da shi, manuniya a miƙe a jikin bindiga, nesa da kunama. Jawo ta kusa da ƙirji, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, kamar za ka buɗe murfin kwalbar da ya ƙi. Kifa ɗaya hannun a saman bayan silaid, yatsu huɗu a gefe guda, tudun tafin hannu a ɗaya gefen, ka damƙe. Kada tafin ya rufe tagar da kwanso ke fita. Yanzu kada ka ja. Riƙe silaid ɗin a inda yake, ka tura bindigar gaba da ƙarfi ɗaya, da kafaɗa da ƙugu, kamar mai kai naushi. Da ta kai ƙarshe ka sake shi gaba ɗaya ya koma da kansa. Kada ka raka shi a hankali don tausayi, rakiyar ce ke sa harsashi ya maƙale.

Kuskuren da nake tsoro a nan shi ne bakin bindiga. Da an jawo ta ƙirji sai ta juya ta kalli gwiwar hannun hagu, ko maƙwabcin da ke tsaye a layi na gaba. Maganinsa ka juya jikinka gefe, bindigar ta ci gaba da kallon inda ake harbi. Ƙafa ce za ta motsa, ba bakin bindiga ba.

Idan fistol ɗin mai hama ce a waje, wato ƙarfen bayanta da ke duka harsashi ya tashi, ɗana hamar tukuna, nauyin zai ragu sosai, tunda silaid ba zai yi kokawa da sifirin biyu ba. Idan damƙar ce babu ita sam, akwai ɗan abin roba da ake kira Handi-Racker: a ɗora shi a gaban silaid, a dafa a jikin tebur, a tura da nauyin jiki. Yana da amfani wajen shiri da wanki. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin ranar da bindiga ta cije maka a tsakiyar tashin hankali ba za ka tsaya neman tebur ba.

Hajiyar nan da ta rantse ba ta taɓa iya jan silaid ba, a karo na huɗu ta ja. Ta yi dariya ta ce ai daka ne, da ƙugu ake yi.

4. Cire "ƙarama ta fi sauƙi" daga ranka

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Harsashi iri ɗaya, idan aka harba shi a bindiga marar nauyi ya fi dukan hannu, domin babu nauyin da zai shanye ƙarfin. Ƙaramar fistol kuma silaid ɗinta gajere ne, dole a sa mata sifirin mai tauri, ga shi babu wurin kamawa. Mariƙinta ma yatsu biyu yake ɗauka, ƙaramin yatsa yana lilo. Saboda haka matsakaiciya ita ce abokiyar mai raunin hannu, musamman idan a gida za ta zauna ba a aljihu ba.

Akwai wani bambanci da ba a gani da ido. Wasu fistol, irin Walther PPK, bututunsu a kafe yake, sifirin da nauyin silaid ne kaɗai ke tare ƙarfin harsashi, shi ya sa jansu da tauri, shurinsu da zafi, duk da harsashinsu ƙarami ne. Wasu kuma bututu da silaid suna kulle da juna na ɗan lokaci kafin su rabu, sai a samu damar sa sifirin mai laushi. Tambayi mai shago kai tsaye wace iri ce. Idan bai sani ba, nemi wani.

5. Ware uku ko huɗu, gwargwadon abin da ka rubuta a mataki na biyu

Idan matsalar jan silaid ce da cusa harsashi, fara da Smith & Wesson M&P 380 Shield EZ. A 2018 aka fito da ita musamman don irin waɗannan hannuwa, mai harsashin 9mm ta biyo baya a ƙarshen 2019. Silaid ɗinta da laushi, da 'yan kunnuwa a baya na kamawa, magazin ɗinta mai cin takwas yana da maɓalli a gefe da ake ja ƙasa a zura harsashi ba kokawa. Ita na fi miƙa wa mutane da farko, amma tana da sharaɗi: akwai sefti, wato makullin hana ta tashi, a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya danne shi za ta tashi. Wanda naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zube masa, wani lokaci ba ya danne shi sosai, sai ya ja kunama shiru. Gwada wannan da kyau, har da hannu ɗaya. Idan ta hannu za ka saya, duba lambar ƙirar da ke jikinta a shafin kamfanin, domin a 2020 sun janye wasu da aka ƙera tsakanin Maris da Oktoba na shekarar saboda matsalar hama.

Kusa da ita akwai Ruger Security-380, wadda ba ta da wancan seftin na bayan mariƙi kuma tana cin harsashi fiye da EZ. Akwai Walther CCP, mai amfani da iskar harbin wajen rage wa sifirin aiki. Mai gajerun yatsu da ke son 9mm ya taɓa Walther PDP F-Series, an rage kaurin mariƙinta da nisan kunama.

Idan silaid ya gagara ko da dabara, akwai masu bututun da ke ɗagawa sama. Ka tura ɗan maɓalli, bututun ya ɗago, ka sa harsashin farko da hannu, ka mayar ka danne. Beretta Tomcat mai harsashin .32 da Bobcat mai .22 haka suke, sai Girsan MC14T ta Turkiyya mai .380, wadda ta fi su girma da daɗin riƙo. Aibinsu shi ne jan kunamar farko yana da nauyi, kuma ƙananan Beretta ɗin sukan ciji fatar hannu idan aka riƙe su sama da yawa.

Libarba kuwa sai manuniya na da ƙarfi. Kunamar ƙananan libarba tana kai fam 12, sama da kilo 5 ke nan da yatsa ɗaya, alhali ta fistol irin Glock wajen fam 5 da rabi ce. Wanda yatsansa ke da lafiya amma damƙa ko wuyan hannu ne matsala, libarba na iya zama daidai da shi, tunda ba ruwanta da yadda aka riƙe ta, za ta tashi. Ruger LCR kunamarta ta fi yawancin takwarorinta santsi. Mai lamba .327 tana cin shida, kuma tana karɓar harsashin .32 H&R da .32 S&W Long masu sanyin shuri. Ta gida zalla, gara ta ƙarfe mai ɗan nauyi irin Ruger SP101. Lura: libarba mai .22 shurinta kamar babu, amma kunamarta ta fi ta sauran tauri, domin irin wannan harsashi sai an dake shi da ƙarfi yake tashi. Mutane da yawa sun faɗa wannan rami.

Wani zai ce maka ai sai ka ɗana hamar libarba da babban yatsa, kunama ta yi laushi. A filin atisaye haka ne. A cikin firgici, kunamar da taɓawa kaɗan ke tayar da ita hatsari ce, kuma idan ya zamana jikanka ne ya dawo da dare, sai ka sauke hamar a kan harsashi mai rai da wannan babban yatsan da ba shi da ƙarfi. Ban yarda da wannan shawara ba.

6. Gwajin shago, babu harsashi

Nemi izini kafin ka ja kunama, ka tambayi inda za ka saita. Sannan kowace bindiga ka yi mata waɗannan, kai da kanka, ɗan rakiya ya sa hannu a aljihu:

Riƙe ta, duba ko tsokar kan manuniya ta zauna a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Ja silaid sau goma a jere. Kulle shi a baya, wanda shi ne ya fi ba mutane wuya, domin ana turawa ne ana kuma ɗaga maɓalli da babban yatsa a lokaci guda. Idan ya gagara, sa magazin marar harsashi ka ja, zai kulle da kansa. Ja kunama sau goma da dama, sau goma da hagu, kana kallon saiti. Idan bakin yana sunkuyawa kafin ta tashi, ta fi ƙarfinka. Danna maɓallin fitar da magazin. Idan da sefti na babban yatsa, kunna ka kashe sau goma. A ƙarshe ka ce a nuna maka yadda ake kwance ta don wanki, ka kwance ka mayar.

Wadda ta faɗi ko da a ɗaya daga cikin jan kunama da riƙo, cire ta. Sauran ana iya yi musu dabara, waɗannan biyun ba a iyawa. Kada kunya ta sa ka ce "ba laifi" don mai shago ya tsaya a kanka. Yawancin shaguna ba sa karɓar bindiga idan ta fita, sai dai su saye ta a hannunka da faɗuwa.

7. Harba kafin ka biya

Yi hayar waɗanda suka tsallake. Fara da .22 don kunne da zuciya su saba, ko da ba ita za ka saya ba. Harsashi ɗaya tak za a sa a karon farko, saboda idan bindigar ta kuɓuce ko mutum ya juyo a firgice, babu na biyu a ciki. Sannan biyu, sannan biyar. Sa takardar saiti a nisan yadi biyar zuwa bakwai, kusan faɗin falo ke nan.

Duba manyan yatsunka kafin kowane harbi. A fistol, kada babban yatsan hannun taimako ya gitta ta bayan silaid, zai yanke shi. A libarba, kada yatsa ya kai gaban tulun da ke juyawa, wuta na fita ta wannan tsagar.

Abu uku kake nema. Na farko, harbi biyar su taru a wurin da faranti zai rufe, ba tare da ka gyara riƙo bayan kowane ɗaya ba. Na biyu, bindigar ta yi aiki a hannunka. Fistol tana bukatar wuyan hannu ya tsaya ƙyam don silaid ya kai ƙarshe ya dawo. Idan hannun ya yi laushi, kwanso yakan maƙale a taga a tsaye. Idan haka ta faru sau biyu ko uku, miƙa wa malamin ya harba. Ta yi lafiya a hannunsa, to ba ta lalace ba, ba taka ba ce kawai. Gwada da hannu ɗaya ma, domin ranar bukata ɗaya hannun yana iya kasancewa a kan waya ko sanda. Na uku ba a filin ake ganinsa ba, sai washegari: yaya hannun ya kwana? Bindigar da ta hana ka riƙe cokali kwana biyu ba za ka koma atisaye da ita ba. Shi ya sa nake hana saye a ranar gwaji.

Kada ka wuce harsashi talatin zuwa hamsin a zama ɗaya. Wanke hannu da ruwan sanyi da sabulu kafin ka ci komai, saboda dalma.

Idan babu wurin haya a kusa da kai, yi rajistar ajin sababbin shiga, malamai sukan zo da bindigogi iri-iri.

8. Harsashi

Ƙa'idar a taƙaice: mafi ƙarfin da kake iya sarrafawa da sauri kuma ka samu inda ka saita. Harsashin 9mm da .380 kaurinsu ɗaya, kwanson ne ya bambanta, milimita 19 da 17, kuma .380 ya fi sanyi a bindiga mai girma ɗaya. Guji duk kwalin da aka rubuta wa +P, alamar harsashi mai ƙarin ƙarfi. Kamfanin Hornady na yin Critical Defense Lite mai rangwamen shuri a 9mm da .38 Special. Masu libarba .38 da yawa suna amfani da harsashin gasa mai shafaffen kai, mai nauyin giren 148 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), don laushinsa. Ma'aunin da FBI ke bi shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin dasƙararren abin gwajinsu, ka duba ko wanda za ka saya ya kai.

Idan .22 kaɗai hannun ke ɗauka, ɗauke ta, kada surutun 'yan shago ya dame ka. Sai dai ka san ya fi sauran yawan ƙin tashi, saboda haka sayi mai kyau irin na kamfanin CCI, ka kuma koyi abin yi idan ka ja ka ji shiru. Kowane iri ka zaɓa, harba aƙalla kwali biyu nasa a bindigarka kafin ka amince masa.

Kada ka sa a canza maka sifirin hama don kunama ta yi laushi ba tare da ƙwararren maƙerin bindiga ba. Laushin da aka samu ta nan, sau da yawa harsashi ne ke daina tashi.

9. Ma'aji, da sake gwaji

Sayi akwatin ƙarfe mai saurin buɗewa a ranar da ka sayi bindigar, ka yi masa irin gwajin da ka yi mata: a cikin duhu, da sassafe, da hannun da ya sanƙare. Masu karanta zanen yatsa sukan ƙi tsofaffin yatsu da suka bushe ko suka sha wanke-wanke. Na fi son mai manyan maɓallai. Ƙarƙashin matashi ba ma'aji ba ne, balle gidan da jikoki ke zuwa. Idan za ka riƙa fita da ita, sai da kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, ko a jaka ne.

Bayan wata shida ka maimaita mataki na shida da na bakwai, haka kuma duk lokacin da aka canza maka magani ko aka yi maka aiki a hannu. Wanda ya kasa duka, ko karkarwa ta hana shi tsayar da saiti, ya ajiye batun bindiga. Akwai barkonon feshi, wanda shi ma sai an gwada maɓallinsa da na atisaye marar yaji, akwai ƙarfafa ƙofa da dogayen kusoshi, da fitila mai kunna kanta, da maɓallin kiran agaji da ake ratayawa a wuya.

Hajiya dai EZ mai .380 ta ɗauka, bayan zuwa uku. Seftin bayan mariƙin ya ƙi mata sau biyu a ranar farko, sai da muka ɗaga riƙonta sama ya daina. Libarbar ta mayar shago aka saya da ragi. A littafinta ta rubuta ranar da za ta dawo gwaji, ta zaɓi watan Janairu, ƙarfe tara na safe.